Inda Aka Samo Sunan 'Yan Nomau

Goggo Tasalla mai daddawa ce ta fara ba da labarin nan, kuma ita ta fi kowa saninsa, don Nomau ɗanta ne. Yaran yanzu sun ce Turawa sun ɗauki sunan mutum guda suka laƙaba wa masu tsananin son mawaƙi. To, a ƙauyensu Goggo ma haka aka yi. Duk mai bin mawaƙi kamar jela, ɗan Nomau ake ce masa.

Su biyu ne a gida, Goggo da Nomau, sai akuya. Nomau ba mugu ba ne, abin da aka faɗa masa dai shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Duk inda ta kai shi aiki sai an koro shi. Da ta lura ko ƙiftawa ba ya yi in Zabiya Lantana na waƙa, sai ta roƙe ta ya riƙa ɗaukar mata ƙwaryar kiɗa.

Wata rana za su gidan biki, Lantana ta ce, "Inda na sa ƙafa, nan za ka sa." Nomau ya duƙa yana neman sawunta cikin na jama'a. Kafin ya iso da ƙwarya, an kai amarya.

Wata rana ta sa shi amshi. "Abin da na faɗa, shi za ka maimaita." Ana tsakiyar wasa tari ya sarƙe ta, shi ma ya yi tari. Ta ce, "Ku ba ni ruwa." Ya rera, "Ku ba ni ruwa!" Ta ce, "Kai, ɗan nan, rufe mana baki!" Ya rera wannan ma, har da rausaya. Da yamma ta aika wa Goggo cewa in ya sake ɗaya, za ta sallame shi.

Wata rana a kasuwa Lantana ta ja shi gefe. "Tsaya nan. Kada ka motsa sai na gama waƙa." Goggo na hango shi daga rumfarta. Can sai ruwa ya ɓalle, jama'a suka watse, makaɗa suka gudu, Lantana ma ta faɗa rumfa. Nomau na nan tsaye, ya jiƙe sharkaf.

Lantana ta leƙo ta ce, "Kai, Nomau, shigo mana!"

"Ba ki gama ba, uwar ɗakina. A tsakiya kika tsaya."

Ta dube shi. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jiran ƙarshen waƙarta. Ta fito cikin ruwan, ta ɗora daga inda ta tsaya. Mutane suka leƙo kallon wauta, sai ga su ɗaya-ɗaya a bayansa suna amshi. Wani mahauci ya yarfe ruwa daga gemu, ya ce, "Shi ke nan, mun zama 'yan Nomau."

Washegari da safe Lantana ta aiko ya zo da wuri, akwai suna. Mura ta kwantar da shi. Goggo ta dama masa kunu da citta, ta ɗaura ɗankwali, ta tafi ta ɗauki ƙwaryar da kanta, kada wani ya riga ɗanta.