Bahon Malam Mamuda

A wani gari wai shi Tsundum, rabon famfo da ya ɗigo tun kafin a yaye yaran da suke aure yanzu. Mutanen garin ba su cika ƙorafi ba, domin duk shekara Majalisar Muna-Kan-Aiki takan shirya Bikin Tunawa da Famfo, a yi kiɗa, a raba lemo, Mai Girma Shugaban Gari Alhaji Sai-Gobe ya sake aza harsashin bututun da ya aza bara. Wutar lantarki kuwa takan leƙo, ta gaisa, ta wuce.

A garin akwai wani tela, Malam Mamuda, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana taka keke har bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Likita ya duba shi ya ce maganin ɗaya ne, ya riƙa jiƙa bayan nan a ruwan ɗumi. Tun daga ranar Malam Mamuda ba shi da wani buri a duniya sai ya kwanta cikin ruwan ɗumi har wuya, ko sau ɗaya ne.

Ana nan sai ya ga abin a Kasuwar Ba-Ragi, a rumfar masu kayan gwanjo. Wani ƙaton baho ne irin na ƙasashen waje, da kujeru huɗu a cikinsa, da ƙananan ramuka masu feso ruwan zafi suna yi wa mutum tausa. Mai rumfar ya rantse masa bahon ba ya neman komai sai abu biyu kacal, ruwa da wuta. Malam Mamuda ya ji abu biyu ne kawai, ya sayar da ɗaya daga kekunansa, ya saya. Da aka kawo, baho ya ƙi shiga ƙofa, aka fasa katanga aka shigar da shi tsakar gida.

Matarsa Tasalla ta zagaya shi sau biyu tana riƙe da haɓa, ta ce, "Malam, wannan na wanka ne ko na jiƙa geron unguwa?"

"Ke dai bari ki ga ranar da zan shiga," in ji shi.

Ya kira 'yan garuwa suka juye kura guda, ruwan bai rufe ko ƙafar kujerun ba. Sai ya haƙura, ya ja bahon ƙarƙashin indararo, ya zauna jiran damina. Allah da ikonsa aka yi ruwa uku masu kyau, baho ya cika fal. Malam Mamuda ya sayi sabon tawul ya rataye a ƙusa. Saura wuta.

To, a Tsundum ana iya hana maƙwabci gishiri, ana iya hana shi aron tabarma, amma ba a taɓa jin wanda ya hana ruwa ba. Ga kuma katanga a fashe, duk mai wucewa yana hango ruwa kwance yana ƙyalli. Aka fara da matar maƙwabci da ta haihu tana buƙatar ruwan wankan jego. Sai gidan suna, sai masu alwalar masallacin layi, sai mai koko. Duk ranar da wuta ta leƙo, ruwan baho ya yi ƙasa. Duk ranar da baho ya cika, babu wuta. Malam Mamuda yana jin haushi har cikin ransa, amma da bakinsa yake cewa a ƙara guga ɗaya, ai ba komai.

Labari ya kai kunnen Majalisa cewa akwai unguwar da mata suka daina tafiya rafi. Nan da nan aka turo Kwamishinan Ruwa da Alƙawura tare da kwamitin mutum tara da igiyar awo. Suka auna tsawo, suka auna faɗi, suka sha ruwan suka ce garai yake. Malam Mamuda ya yi musu bayanin ciwon bayansa tiryan-tiryan, Kwamishina yana gyaɗa kai yana rubutu. Bayan kwana uku rediyon gari ya ba da sanarwar cewa Majalisa ta kammala Madatsar Ruwa ta Tsundum, Kashi na Ɗaya.

Ranar buɗewa aka shafa wa baho fenti kore, aka ɗaura masa ƙyalle. Saboda masu ɗaukar hoto, aka kawo tankar ruwa aka cika shi, aka kawo janareto aka jona. Abin ya yi gurnani, ruwa ya fara ɓulɓulowa, tururi ya tashi. Mata suka rangaɗa guɗa. Malam Mamuda ya ji hawaye ya zo masa. Ruwa da wuta sun haɗu a gidansa rana ɗaya. Ya zare tawul daga ƙusa, ya tuɓe takalmi, ya tsaya a gefe yana jiran a gama jawabi.

Alhaji Sai-Gobe ya tsoma hannu, ya lumshe ido, ya daɗe bai fitar ba. Sannan ya yi jawabin awa guda a kan yadda Majalisa ta hana idonta barci domin wannan aiki. Da ya gama sai aka yaye wani allo da aka kafa a jikin bahon: AN HARAMTA WANKA A RUWAN AL'UMMA.

Malam Mamuda ya matsa kusa da Kwamishina ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ai bahona ne. Minti goma kawai."

"Haba Malam, ruwan da jama'a ke sha?" in ji Kwamishina. "Amma ba mu manta da kai ba."

Ba su manta ba kuwa. Nan take aka naɗa shi Babban Mai Gadin Madatsa, aka ba shi usur da benci, aka ce ya ɗinka wa kansa kaki tunda sana'arsa ce. Aikinsa ya tabbatar ba wanda ya sa ko ƙafa a ciki. Jama'a suka yi ta taya shi murna, Tasalla ma ta sha gaisuwa a matsayin matar ma'aikaci. Masu hoto na tashi aka naɗe janareto aka tafi da shi.

Da taro ya watse, Malam Mamuda ya zauna a bencinsa ya sa yatsa ɗaya a ruwan. Da sauran ɗumi. Ya waiga hagu da dama, ya tuna shi ne mai gadi, ya janye yatsan.

Ganin nasarar Kashi na Ɗaya, Majalisa ta soke gyaran famfo gaba ɗaya, ta amince da Kashi na Biyu: sababbin madatsu goma sha uku, irin wannan sak, kowace da tankarta da janaretonta. Saboda tsaro, aka ga ya fi dacewa a girke su a gidajen 'yan Majalisa goma sha biyu da gidan Shugaba, a ƙara wa katangun tsawo.

Yanzu duk la'asar, in Malam Mamuda ya dafa ƙugu ya bi ta Unguwar Masu Hidima, inda gidajen 'yan Majalisa suke, yakan ga tururi na tashi ta bayan katanga, ya ji ruwa na ɓulɓula. Ya taɓa tambayar wani mai gadin ƙofa yaushe za a buɗe wa jama'a. Mai gadin ya ce a ƙara haƙuri, manya suna ciki suna gwadawa.