Jatau Ya Yi Kiwon Shokozoba

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani ƙato mai suna Jatau, wanda gemu ya cika wa haɓa, amma bai taɓa jin magana ya nemi abin da ke bayanta ba. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune a gidan yayarsa Uwani, ungozomar ƙauyen, aikinsa kiwon awakinta. Uwani ce ke tuƙa ƙaramar motar lantarkin da jama'a suka mallaka don kai masu naƙuda asibitin birni. Aibin motar ɗaya ne: batirinta nauyi, hanya kuma ramuka, duk kwanar da ta sha sai ta yi tangal-tangal kamar za ta kife. Uwani ta ce laifin shokozoba ne, wato ƙarafan da ke tsakanin taya da jikin mota suna shanye girgiza. Alhaji Barmo, shugaban kwamitin motar, wanda ke da irinta sak a ƙofar gidansa, ya ce laifin hannun mace ne. Ya ma riga ya zaɓar wa makullin sabon aljihu, na ɗansa mai son yin haya da ita.

Wata rana Alhaji ya shiga motar wai zai ji tangal-tangal ɗin da kansa. Uwani ta dubi yadda bayanta ya durƙusa, ta ce, "Jatau, sauke duk abin da ya yi mata nauyi." Jatau ya sauke safayar taya, ya sauke jarkar ruwa, sannan ya tsaya ya ƙare wa Alhaji kallo, ya rungume shi da babbar rigarsa, ya dire shi a ƙasa kusa da jarkar. Nan take motar ta ɗago. "Yaya, an same shi," in ji Jatau. Masu shan shayi a bakin hanya suka ƙunshe dariya, Alhaji kuwa ya ƙunshe abin a ransa. Kwamiti ya zauna ya yanke hukunci: za a sa sababbin shokozoba masu ƙarfi, a gwada motar a kwanar gada ranar Juma'a. In ta sake yin tangal-tangal, Uwani ta miƙa makulli.

Wata rana ƙarafan suka iso daga birni suna sheƙi. Uwani ba ta yarda da kowa ba, domin ta san garin nan kaya masu kyau sukan yi ƙafa. Ta ce, "Jatau, ka kula da su yadda kake kula da awakinmu." Jatau ya kai su garke, ya ɗaure kowanne a turke, ya zuba musu dusa. Da yake a Rafin Kanya kowane gida yana da shaidar da yake yi wa dabbobinsa, ya jiƙa shuni ya ja musu layi uku-uku, irin na gidan Uwani. Da la'asar ya shigo fuska a ɗaure. "Yaya, baƙin nan ba sa cin abinci." Uwani ta dafe kai ta ce, "Allah Ya shirye ka, kai dai kada su ɓata."

Wata rana aka kai mota da ƙarafa garejin Isiyaku bakanike, wanda kowa ya san surukin Alhaji ne. Ana shirin ɗaga motar aka aiko ana neman Uwani wajen haihuwa. Ta ja Jatau gefe ta ce, "Kada ka ɗauke ido daga kan motar nan." Jatau ya kafa wa murfin gabanta ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Isiyaku ya gwada shi da tayin ƙosai, ya ƙi juyowa. Da ya gane iyakar tsaron ke nan, sai ya yi murmushi, ya sunkuci sababbin ƙarafan ya bi ta bayan Jatau da su, ya dawo da wasu tsofaffi da aka shafe da baƙin fenti, ya ɗaura wa motar. Layukan shunin kuwa ya ɗauka tambarin kamfani ne. Da Uwani ta dawo ta ce, "Ka ga wani abu?" Jatau ya ce, "Na ga mota, Yaya. Ba ta motsa ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gari ya taru a kwanar gada. Uwani ta sha kwanar a hankali, motar ta karkata har mata suka yi salati. Alhaji ya miƙa hannu yana cewa, "Malama Uwani, ga sabon kaya, ga tsohon hali. Kawo makullin." Babu wanda ya goyi bayanta, har mazan da ta ceci matansu. Jatau dai ba ya wurin. Tun safe ya leƙa ƙarƙashin motarsu don ya gaida baƙinsa, ya tarar da wasu marasa shaida, ya shiga gari cigiya gida-gida, kamar yadda ake yi in akuya ta ɓata.

Uwani na ciro makulli sai aka ji kururuwa daga inda Alhaji ya ajiye motarsa. Jatau ne ya zura igiya ƙarƙashinta ya ɗaure, ya dogara ƙafa yana ja.

"Kai mahaukaci, sakar mini mota!" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa motarka ba. Namu ne suka bi naka, zan mai da su gida."

Liman ya tattare rigarsa ya durƙusa ya leƙa. Dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗago ba ya son haɗa ido da kowa. Ga layi uku na shuni a jikin kowane ƙarfe, shaidar da ko makaho a garin ya san ta gidan Uwani ce.

"Yanzu maganar wawa za ku ɗauka?" in ji Alhaji.

Uwani ta mai da makullin cikin lalitarta ta ce, "Ba maganarsa muke dubawa ba, Alhaji. Shunin muke dubawa."

A nan bakin gada, gaban idon jama'a, Isiyaku ya kwance abin da ya ɗaura wa motar Alhaji ya mayar wa motar jama'a, gumi na ɗiga daga haɓarsa, Jatau kuma bai saki igiya ba sai da aka ɗaure notin ƙarshe. Uwani ta sake shan kwanar, motar ta bi ta daram, ko ruwan jarka bai fantsala ba. Da suka isa gida Jatau ya tura kwanon dusa ƙarƙashinta, ya ce, "Ku ci. Yau kun yi aiki."