Firjin Inna

Lokacin tsuke bakin aljihu, da ƙyar ɗakin bincikenmu a Sakkwato ya samu sinadaran gwada furotin na ribosom, ɗan injin nan da ke cikin ƙwayar halittar mutum. Ƙananan kwalabe ne iri ɗaya, takardar jikinsu kaɗai ke bambanta su, kuma ba sa son zafi. Suna isowa wuta ta ɗauke.

Farfesa, shugaban ɗakin, na ta zufa, ni kuwa na bugi ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, randar Innata a Bodinga ta fi firji."

Na kai su Bodinga, na toshe bakinsu, na nutsa su a randa, na kwanta ina jin kaina gwani. Da safe na tsamo su tsirara, ba takarda ko ɗaya. Na ruga wurin Inna.

Inna ta ce, "Kwantad da hankali, ɗan nan. Na ishe takardu na yawo bisa ruwa, ga su can na shanya ma."

Wace takarda ce ta wace kwalba? Allah masani. Farfesa ya yi wata bai amsa gaisuwata ba.

Har yau in na je Bodinga, Kawuna kan tarbe ni da, "Likita, a kawo randa?"