Rasuwar Malam Sanyi a Firijin Manfuha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai sauka ba, ni Dalhatu direba, mazaunin Manfuha a birnin Riyad, nake sanar da rasuwar littafin hotunan 'yata Mansura, wanda muke kira Malam Sanyi.

Marigayin ya zo mana a hunturun bara, kyauta daga matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu. Labarin hutun hunturu ne na yaran Turai, da bishiya mai fitilu da mutum-mutumin ƙanƙara mai hancin karas. In an danna cikinsa sai ya ce "kilin-kilin, ho-ho-ho". Ni ba na jin Turanci, don haka da Hausa nake ƙirƙira masa labari. Mansura, wadda ko ruwa da Larabci take roƙo, a gaban littafin nan kaɗai take sakin baki ta yi Hausa. Albarkacinsa ta gaida kakarta ta waya, tsohuwa ta gane, har ta yi hawaye.

Da zafin Riyad ya tsananta, yarinya ta ji tsoron kada Malam Sanyi ya narke, ta mayar da shi firijin da muke haɗawa da maƙwabcinmu Basiru. Ni na ɗaure shi a leda da hannuna, kuma kowa a gidan ya sani. Ranar Babbar Sallah Basiru ya zare ledar ya zuba hanta, ya jibge naman layyarsa a kan marigayin, ya cire firijin daga wuta don ya goge riga, ya tafi yawon Sallah unguwar Utaiƙa. Ƙato da gemu!

Mun tarar da shi jina-jina, shafuka sun manne. Da aka danna shi ya ce "ho" sau ɗaya, ya cika. Basiru kuwa cewa ya yi wai ai takarda ce. Ni ban yafe ba, kuma kada kowa ya zo ba ni haƙuri.

Marigayin ya bar batura biyu, da shafi ɗaya da jini bai taɓa ba, da Mansura, wadda tun ranar ba ta sake ce mini uffan da Hausa ba.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan La'asar a yashin da ke bayan gidanmu. Basiru ya yi zamansa, naman da ya aiko ma an mayar masa. Masu zuwa ta'aziyya su gaida Mansura da Hausa. In ta amsa da Larabci, don Allah a daure a sake gaishe ta.