Ranar da Na Shuka Faransanci a Filin Lekol

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi shuka a filin lekol, wato makarantar bokon garinmu ba, ina cikin babbar riga, babu iri a hannuna, babu danshi a ƙasa, gari guda kuma yana kallona.

Ni dai zamana a lekol bai kai shekara ba, na ga awakin babana sun fi mushe (haka muke ce wa malamin boko da Faransanci) sauƙin hali, na bi su. Amma da yake Allah ya ba ni baki, da na tsufa sai aka naɗa ni shugaban iyayen yara a ƙauyenmu na ƙasar Gangara. Ana nan sai direktan lekol ya ce ansifekta, wato babban mai duba makarantu, zai zo daga Tanut. Buƙatarmu guda ce: ajin manyan yara na zana ne, iska ta karkatar da shi, awaki sun cinye rabin bangon. Muna so a gina na kirki.

Sai taubashina Ilu, wanda ya taɓa gadi a Damagaram ya kwaso Faransanci cikin cokali, ya ce a bar masa jawabin, kada in kunyata gari. Nan take, a ƙofar masallaci, na ce ni zan yi, kuma da Faransanci tun daga sallama har amin. (Har yau ban san wanda ya sa mini maganar nan a baki ba. Ina zargin shayin da na sha.)

Direkta ya rubuta jawabin, ya ba jikata Rabi, ƴar ajin zanar nan, ya ce ta koya mini. Rabi ta zaunar da ni a tabarma ta ce, “Angona, mushe ya ce kowa da hanyar da karatu ke shigarsa. Wani ta ido, wani ta kunne, wani sai ya rubuta. Bari mu nemi ƙofarka.”

Muka fara da ido. Na ƙura wa takardar ido, baƙaƙen suka yi ta yawo kamar tururuwa a bakin rumbu. Muka koma kunne. Ta naɗa mini jawabin a salula, ina kunnawa barci ke kwashe ni, sai ga matata Kande, da ke tankaɗe a gefe, ta haddace rabinsa ba da niyya ba, tana yi wa kaji Faransanci. Na ce to bari in rubuta da ajami. Washegari na kasa karanta hannuna. Na kai wa liman, ya juya shi sama da ƙasa, ya tambaye ni ko maganin kunama ne.

Rabi ta ce da alama kaina ba ƙofa, katanga ce zagaye.

Lokacin binne ne, wato shukar da muke yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Na ɗauki sungumi na tafi gona, Rabi na bina da ƙwaryar iri, tana zubawa tana rufewa da diddige. Don tsokana sai ta riƙa jefo kalma guda duk sara guda, ni kuma ina maimaitawa. Abin mamaki, kafin mu kai ƙarshen layi magana ta zauna daram. Ashe ƙofata a ƙafa take. Kafin mu gama gonar na haddace duka: gaisuwa tana wajen itacen aduwa, godiya a tsakiyar gona, roƙon aji kuma can kusa da suri. Rabi ta ce in gwada karantawa a tsaye wuri guda. Na ce amarya ba ta koya wa ango tsayuwa.

Ranar ta zo. Na sha rawani, na ɗauki sandata ta zuwa biki. Aka zaunar da ansifekta a inuwa tare da maigari, yara suka yi sahu, aka miƙo mini mikro mai igiya. Na tsaya cak, na gyara murya, na ce “Mushe.”

Shi ke nan. Na leƙa cikin kaina, wayam, kamar rumbu a ƙarshen bazara. Na sake cewa “Mushe”, ansifekta ya gyaɗa kai alamar ya yarda shi ne. Na hango Ilu yana gyara hula, har ya dafa gwiwa zai miƙe. Na san in ya karɓi mikron nan, ni da shan shayi a dandali sai dai a lahira.

Sai na ga Rabi a cikin sahu, ta kalle ni, ta buga diddige a ƙasa.

Wallahi ban yi shawara da hannuna ba. Sanda ta tashi da kanta ta sari ƙasa, “lansifekta” ta faɗo daga bakina. Na yi taku, na sake sara, wata ta fito. Faransanci ya ɓalle kamar an fasa tulu. Matsalar kawai ita ce, mai shuka ba ya tsayawa. Na nausa gaba, ina sara ina jawabi, har igiyar mikro ta ƙare na yar da shi. Ansifekta ya ga jawabinsa yana tafiya gabas, sai ya tashi ya biyo shi. Direkta ya bi ansifekta, maigari ya bi direkta yana tattare riga. Yara kuwa, da yake duk ƴaƴan manoma ne, suka shiga layi a bayana suna rufe ramukan da diddige, ba wanda ya sa su. (An ce Kande na can bayan mata tana ja mini baƙi in na yi tuntuɓe.)

Inda suri ya kamata ya kasance, nan ajin zana yake. Na kai roƙon ƙarshe, na ɗaga sanda na yi saran rufewa, sai ta sami gungumen da ke riƙe da zanar. Ajin ya yi ɗan tunani, sannan ya kwanta gaba ɗaya. Wata akuya ta fito daga ƙarƙashi da kaye, wato littafin rubutun wani yaro, a baki, ta wuce ta gaban ansifekta ba ko sallama.

Na so ƙasa ta buɗe in shige, a rufe ni da diddige. Ansifekta ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya dafa ni ya ce da Hausar Damagaram tsantsa, “Baba, ai ni Bahaushe ne, ɗan Birni. Da ka yi da Hausa da ba mu yi wannan tafiya ba. Amma aji kam na gan shi.”

An gina ajin daga baya, yara suna ce masa ajin sungumi. Rabi yanzu da kai da kawowa take bitar karatunta a tsakar gida, ta ce gado ta yi. Ilu kuwa duk ruwan farko sai ya zo har gida ya tambaye ni ko Faransancin ya tsira, ko sai an sake shuka.

Abin da na koya shi ne, gaskiyar mushe ce, kowa da ƙofarsa. Sai dai in karatunka a ƙafa yake, kada ka yarda a ba ka mikro mai igiya.