Ranar da Na Kai Fanka Coci Maimakon Amarya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin auren ƙanwata Rahila ba, wajen 1996. Lokacin ina jan wata tsohuwar a-kori-kura, ina ɗauko doya daga Sunkani zuwa Jalingo. Da aka zo maganar motar amarya, na buga ƙirji na ce ba mai kai ƙanwata coci sai ni.

Saura kwana biyu na je wurin Malam Buba mai wayarin ɗin mota, na jibge masa kaya: manyan fitilu huɗu, ƙanana masu launi, lasifika biyu, rediyo mai kaset, har da fanka don kada amarya ta yi gumi. Ya leƙa altaneta, abin nan da ke yi wa batir caji, ya karanta lambar jikinta.

"Direba, amfiya arba'in da biyar take bayarwa, shi ma sai kana gudu," in ji shi. "Inji da fitilunka na asali sun cinye kusan rabi. Kayan nan sun fi ƙarfin ragowar. To batir me zai ci?"

Na ce, "Malam, motata ce, na san halinta." (Gaskiya ko amfiya ban san mene ne ba, na dai gyaɗa kai kamar injiniya.) Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ɗaura.

Abin da ban lissafa ba shi ne rakiyar zumuntar matan coci. Daga gidanmu a Yelwa zuwa coci ba wani nisa, amma matan nan suka sa mota a tsakiya, suna kaɗa tukwane suna rawa, taku biyu gaba ɗaya baya. Kusan awa biyu inji yana silo, ba gudu, komai a kunne da rana tsaka, ni kuma hannu a waje ina ɗaga wa jama'a. Da lasifika ta fara shaƙewa, na ce kaset ne ya tsufa. Ga shi fasto ya riga ya gaya mana ƙarfe sha biyu zai wuce Lau jana'iza, ko an ɗaura auren ko ba a ɗaura ba.

A mararraba Mama ta ce a tsaya a yi addu'a. Don ladabi na kashe inji. Aka ce amin, na murɗa makulli: ƙyat, ƙyat. Shiru. Wayyo, batir ya mutu!

Rahila ta dubi agogo, ta dube ni. "Yaya, saura minti ashirin fa." Ta cire takalmi, ta tattare farar rigarta, ta fita ta kama turi tare da su Mama. Turin farko mota ta ƙi. Sai na ji ta daka tsawa daga baya: "Kashe tarkacen nan mana!" Na kashe, na sa giya ta biyu, na saki kuloci, mota ta tashi.

Tsoron kada ta sake mutuwa ya hana ni taka birki sai ƙofar coci. Ango ya taho da murmushi ya buɗe ƙofa. Ba kowa, sai fanka da takalman amarya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Rahila ta iso a ƙafa tana haki, saura minti biyar, aka ɗaura.

Ran Litinin na koma a cire kayan. Malam Buba bai yi dariya ba, cewa kawai ya yi, "Direba, batir ya ƙoshi?"

Tun daga ranar ko ƙwan fitila zan ƙara sai na tambayi abin da ya rage wa batir. Rahila kuwa har yau in na ce ta shigo in rage mata hanya, sai ta ce, "Bari in cire takalmi tukuna."