Tawada a Yatsan Palwasha

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Rigakafi na Gundumarmu, Sahib mai farar mota, wanda Allah Ya hore wa sanyin ofis da lambar yabo.

Bayan gaisuwa irin ta ɗan kasuwa ga babban mutum, da fatan iyalinka lafiya, kowa na takawa da ƙafafunsa biyu.

Sunana Bakht Zada, mai shagon littattafai da alƙaluma kusa da mai gasa gurasa. Na yi aji takwas, don haka na iya karanta allon da kuka kafa a tasha, cewa kashi casa'in da takwas cikin ɗari na yaranmu sun sha ɗigon shan inna. Barka da arziki. 'Yan ƙorafe-ƙorafe ne da ni, ba su kai su ɓata maka shayi ba.

Na ɗaya. Ina jinjina wa hikimarka ta ƙidaya. Duk yaron da aka ɗiga wa magani, a shafa masa tawadar alƙalami a ƙaramin yatsa, masu duba aiki su biyo baya su ƙirga yatsu. Wa ya taɓa leƙa baki? Dattawanmu sun yanke a taronsu cewa babu ɗigo sai an gyara mana wutar lantarki. 'Yan sanda kuma suna kama uban da ya ƙi. Ma'aikaciyarka Zarmina, mai yawo gida-gida da ɗigon a akwatin ƙanƙara, in ta matsa a jefe ta, in ta rubuta an ƙi ka kore ta. Sai aka yi sulhu: a miƙo hannun yaro ta bayan ƙyaure, ta shafa, kowa ya kwana da mutuncinsa.

Na biyu, kuma a nan ƙorafin ya ɗan shafe ni. Da zuciyar Zarmina ta gaza, ta ce ta daina shafa ƙarya, sai iyaye suka gano shagona. Mutum zai jingina da kantar shagon ya ce, "Lala Bakht, yayanmu, akwai alƙalamin nan mai sa ɗan sanda ya wuce?" Ni kuwa in ce, "Akwai. Amma a hagu za ka shafa, sakarai, hagu suke dubawa." Kwali uku na sayar. Ka ga ashe ni ma na yi wa lambar yabonka hidima, ko godiya ba a aiko mini ba.

Na uku. Wata biyu ke nan 'yata Palwasha, mai shekara uku, ta tashi da zazzaɓi, ƙafarta ta hagu ta saki. Likita ya yi mini bayani a hankali. Ƙwayar da ke cikin ɗigon raunanniya ce. Takan fita a bayan gidan yaron da ya sha, ta faɗa kwata. Inda yara duka suka sha, ba ta samun masauki, sai ta mutu. Inda aka sha tawada kuwa, sai ta bi ciki-ciki har ƙarfinta ya dawo. Wato mu muka sauke ta, muka ciyar da ita, ta murmure.

Haji Gul Zaman, shugaban taron dattawa, ya zo dubiya yana shafa gemu. Ya ce, "Ban faɗa muku ba? Maganin nan ne." Na ce, "Baffa, waɗanda suka sha ga su can suna ƙwallo. Wadda ba ta sha ba ce a kwance. Af, an kawo wutar?" Bai ƙarasa shayinsa ba.

A takardunka, Sahib, Palwasha ta sha sau bakwai. Huɗu daga ciki da hannuna na shafa. Shin ƙwayar cutar ce ba ta karanta rahotonka ba? Ko ba a aika mata kwafi ba ne?

Na huɗu, roƙo ne. Palwasha tana da ƙane, Janan, wata tara, a kan tabarma ɗaya suke rarrafe. Ka sake turo mana Zarmina da ɗigon a makon nan, ba bayan taron bita ba, kuma ka bar ta ta rubuta gaskiya ba tare da an kore ta ba. Ƙofata a buɗe take. Ni zan riƙe masa baki.

Ga ragowar alƙalumana nan cikin ambulan, na bar sana'ar. Amma idan ofishinka mai albarka yana da tawadar da ake shafa wa ƙafa yarinya ta miƙe, don Allah a ajiye mini ɗaya.

Naka mai biyayya, mai durƙuso a gaban alƙalumanka har gwiwa ta yi kanta,

Bakht Zada,
uban Palwasha.